Mota Tana Mutuwa a Hanya, Ta Huta Ta Sake Tashi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Motocin Fetur

Amsoshin nan sun shafi motocin fetur da suka kwana biyu: masu kafireta irin su Peugeot 504 da Golf 2, da masu nozul na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 irin su Golf 3, Carina E, Corolla, Camry, Accord, Civic da Marsandi 190. Motar dizal tsarinta daban ne, ba ta ciki. Alƙaluman da aka kawo na gama-gari ne. Idan littafin motarka ya faɗi wani abu daban, nasa za ka bi.

1. Motata tana mutuwa lokaci-lokaci, amma duk ranar da na kai ta gareji lafiyarta ƙalau. Daga ina zan fara?

Daga lura. Inji yana buƙatar abu uku a tare: mai daidai gwargwado, iska, da wutar fulogi a kan lokacinta. Matsalar da ke zuwa ta tafi, ɗaya daga cikin ukun ne ke yankewa na ɗan lokaci, kuma kusan kullum akwai abin da ke tayar da ita: zafi, girgiza, danshi, ƙarancin mai a tanki, ko nauyin da aka ɗora wa inji. Da safe a gareji inji a sanyaye yake, mota a tsaye, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa makaniki zai gwada komai ya ga daidai, kuma bai yi ƙarya ba.

Duk sanda ta mutu, rubuta waɗannan: minti nawa da tashinta, kana gudu ne ko kana tsaye, mai nawa ne a tanki, ka shiga rami ko kwana ko hawa, AC a kunne yake ko a kashe, fitilun dashbod sun kama ko duk sun ɗauke, sannan minti nawa ta ɗauka kafin ta sake tashi. Idan ka tara wannan sau uku ko huɗu, za ka ga abu ɗaya yana maimaituwa. Shi ne zaren da za a bi.

2. Idan ta mutu ina cikin gudu, me zan yi a take?

Kada ka zare makulli, kada kuma ka murɗa shi baya har ƙarshe, domin sitiyari zai iya kullewa. Sitiyarin zai yi nauyi amma yana juyuwa. Birki yana da sauran sauƙin taku ɗaya ko biyu kafin ya yi tauri, saboda haka danna shi sau ɗaya ka riƙe, ban da tattakawa. Kunna sigina ta ɓangarorin biyu, sa giya a firi, ka gangara gefen titi. Sai ka tsaya sannan ka fara gwajin da ke amsa ta 4.

3. Ta yaya zan gane mai ne ya yanke ko wuta?

Yadda ta mutu yana faɗin abu da yawa. Idan mai ne, yawanci tana ba da sanarwa: ƙarfi ya ragu, ta fara fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, wani lokaci ta yi tari ta wajen shigar iska, sannan ta mutu cikin daƙiƙoƙi. Dalili shi ne akwai sauran mai a layi ko a kwanon kafireta, kuma a hankali yake ƙarewa. Idan wuta ce, ɗif take yi kamar an kashe makulli.

Idan motarka tana da allurar rpm, ka saba kallonta. A mota mai kuloci, idan tana gangarawa a cikin giya, injin yana ci gaba da juyawa ko da ya mutu. Idan a wannan hali allurar ta faɗi sifili nan take, saƙon juyin inji ne ya yanke, wato sensar kiranshaf, mai gane juyin inji, ko distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ko wutar da ke zuwa musu. Idan allurar tana sauka a hankali tare da gudun mota, wuta tana nan, sai a karkata ga mai. Wannan alama ce ta fara bincike, ba ta isa a sayi kaya a kanta ba.

4. Wane gwaji zan iya yi a bakin hanya kafin ta huce?

Mintunan da ta ƙi tashi su ne mafi daraja, domin lokacin ne kawai matsalar take a fili. Ajiye abu uku a mota: fulogi ɗaya mai kyau, gwangwanin feshin wanke kafireta, da fitilar gwajin wuta ta 12V.

Da farko murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, ba tare da ka ba ta kik ba. Fitilar inji ta dashbod ta kama? Idan ka san tana kamawa kullum amma yanzu ta ƙi, kwamfutar mota, wadda ake kira biren-bos, ba ta samun wuta, sai a duba babban rile, wato ƙaramin akwatin da ke haɗa wuta ya yanke, da fiyus da makulli. Na biyu, saurari famfon mai kamar yadda aka bayyana a amsa ta 5. Na uku, cire wayar fulogi ɗaya, sa mata fulogin da ka ajiye, kwantar da gindinsa a jikin ƙarfen inji ba tare da ka riƙe da hannu ba, wani ya ba ta kik. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙarar tas-tas a jere. Na huɗu, idan wuta tana nan, fesa maganin kafireta na daƙiƙa biyu a bakin shigar iska, mayar da tiyon, ka janye fuskarka, a ba ta kik. Idan ta kama ta mutu bayan daƙiƙa biyu ko uku, mai ne ba ya isowa. Zuba fetur da murfin gora a bakin inji ana ba shi kik ya ƙona mutane da yawa, kada ka yi.

Akwai wani tarko a nan. A motoci masu nozul, idan sensar kiranshaf ta daina aiki, biren-bos ba ya sanin inji yana juyawa, sai ya hana wuta, ya hana nozul, ya kuma kashe famfo. Wanda ya duba mai kawai zai ga babu, ya ce famfo ne. Saboda haka a duba wuta kafin mai, ko da yaushe.

5. Ba na jin kukan famfo idan na murɗa makulli. Ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. A yawancin motoci famfo yana yin kuka na kimanin daƙiƙa biyu idan aka murɗa makulli, sannan ya tsaya sai an ba da kik. Za ka fi jinsa idan ka buɗe murfin tanki ka kasa kunne, ko ka ɗaga kujerar baya. Amma tsofaffin Toyota da yawa ba sa wannan. Famfonsu ba ya tashi sai inji yana juyawa. A irin waɗanda ke da ƙaramin akwatin gwaji a cikin bonet, ana haɗa +B da FP da guntuwar waya, makulli a buɗe, famfon ya tashi.

Idan motarka mai yin kukan ce amma yanzu shiru, sa fitilar gwaji a soket ɗin famfo. Wuta tana zuwa amma famfo shiru: famfon ne, ko wayarsa ta at, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota, ko haɗin da ke cikin tanki. Wuta ba ta zuwa: koma ga fiyus da rile, sannan a wasu motocin Ford da Peugeot akwai maɓallin da ke yanke famfo idan mota ta yi karo, kuma mugun rami yana iya tayar da shi, dannawa ake yi ya koma. Idan kuwa aka bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ana ba da kik ta tashi, gawayin cikin famfon ya cinye. Zai kai ka gida, amma kwanansa ya ƙare.

6. An canza mini famfo har sau biyu, matsalar tana nan. Me aka bari?

Mafi yawan lokaci wutar da ke zuwa wa famfon. Famfon mota mai nozul yana jan kimanin amp 4 zuwa 8, kuma duk inda haɗi ya saki ko ya yi tsatsa yana ɗumama, ɗumamar ta ƙara sassauta shi. Fitilar gwaji za ta kama ko da silin waya ɗaya ne ya rage, don haka a nan mita ake so, kuma famfo yana aiki ake aunawa. Auna batir, sannan ka auna a soket ɗin famfo. Bambancin da ya wuce kimanin 0.5V ta ɓangaren wuta, ko 0.2V ta ɓangaren at, yana nuna akwai inda wuta ke maƙalewa. Duba ƙafafun rile da gidan fiyus da soket ɗin saman tanki; roba mai launin ƙasa-ƙasa ko wadda ta narke ita ce shaida.

Wasu motoci an san su da nasu. A Honda Accord da Civic na ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, dalmar da ke cikin babban rile, wanda ke ƙarƙashin dashbod ta wajen direba, tana tsattsagewa. Mota ta ƙi tashi idan ta sha rana gilasai a rufe, ta tashi idan ciki ya huce. Mai gyaran rediyo zai iya sake masa dalma. A Golf 3 rilen famfo galibi yana ɗauke da lamba 167. A Marsandi 190 da 'yan uwanta, rilen famfo yana bayan batir.

Abu na biyu da ake bari shi ne dattin tanki, wanda ke toshe sabuwar rariyar bakin famfo cikin makonni, kamar yadda ya zo a amsa ta 11. Game da ja wa famfo waya kai tsaye daga makulli a tsallake rile kuwa, gwaji ne na minti goma. Idan aka bar shi haka, ranar da aka yi haɗari layi ya fashe, famfon zai ci gaba da feso fetur.

7. Firesha nawa ya kamata famfo ya bayar, kuma yaya ake aunawa?

Ya danganta da tsarin motar, kuma tazarar tana da faɗi. Mai kafireta tana aiki da psi 3 zuwa 6 kacal. Golf 3 mai nozul guda ɗaya a saman inji tana son kusan bar 1, wato psi 15. Yawancin masu nozul ɗaya ga kowace silinda suna tsakanin bar 2.5 da 3.5, wato psi 35 zuwa 50. Marsandi masu tsarin K-Jetronic da KE-Jetronic suna kai wa bar 5 ko ɗan sama.

Kafin a kwance komai, cire fiyus ɗin famfo, tayar da mota ta mutu da kanta don fireshar ta sauka, rufe mahaɗar da tsumma, sannan a ɗaura gejin firesha tsakanin filta da layin nozul. Inji ya kasance a sanyaye, ba sigari, ba waya mai tartsatsi, abin kashe gobara a kusa. Cire tiyo a kalli yadda mai ke tsartuwa, wanda ake yawan yi a gareji, ba awo ba ne. Famfon da ya gaji ma yana tsartuwa da kyau idan babu abin da ya tare shi.

A auna yawa kuma, ban da firesha. Famfo mai lafiya yana ba da aƙalla kimanin rabin lita cikin daƙiƙa 30. Yana yiwuwa firesha ta cika a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, inda yake shan mai kaɗan, amma yawan ya gaza a kan hawa.

8. Na sa geji. Yaya zan karanta abin da yake nunawa?

A silo, zare ƙaramin tiyon iska da ke kan regileta, wato abin da ke daidaita fireshar mai. Firesha ta tashi da kimanin rabin bar, psi 7 zuwa 10. Idan ba ta motsa ba, regileta ko famfo. Idan ka ga fetur a cikin wannan tiyon, fatar regiletar ta yage, mai yana bi ta nan ya shiga inji. Alamarsa baƙin hayaƙi da wuyar tashi da zafi. Sannan taka totur da sauri: allura ta ɗan ɗaga. Idan ta nutse, mai ba ya isa, sai a tuhumi filta, rariya, lanƙwasasshen layi ko famfo. Motocin da regiletarsu ke cikin tanki, waɗanda suka yawaita daga wajajen 2000, ba su da wannan tiyon, fireshar tasu a tsaye take.

Kashe mota ka ci gaba da kallo. Toyota, alal misali, tana son firesha ta tsaya sama da psi 21 har minti biyar bayan kashewa. Idan ta zube nan da nan, ko bawul ɗin cikin famfo ba ya riƙewa, ko regileta, ko nozul yana ɗiga. Ga matsalar da ke zuwa ta tafi, gwajin da ya fi kowanne shi ne a bar gejin a ɗaure, a fito da shi ta gefen bonet a manne a wajen gilashin gaba, ba cikin mota ba, a yi tafiya har ta yi halinta. Firesha ta faɗi kafin ta mutu: mai ne. Ta mutu firesha a cike: a bar tanki ya huta, a koma amsa ta 9 da ta 16.

9. Sai ta yi zafi take mutuwa, bayan minti 15 zuwa 30 ta tashi kamar ba ita ba. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce siffar da aka fi kawowa, kuma kayan wuta ne kan gaba. Sensar kiranshaf, kwayil, da igineta da ke cikin distiributa ko gefenta duk suna da siririyar waya ko dalma a ciki. Idan akwai tsaga, zafi yana buɗa ta, sanyi ya mayar. Gwajin fulogi na amsa ta 4 a lokacin da ta ƙi tashi shi ne zai raba gardama. Sensa mai waya biyu ana iya cire ta a sa mata mita ana hura mata iska mai zafi. Idan adadin ohm ya ɓace gaba ɗaya ya dawo bayan ta huce, an kama ɓarawo. Zuba ɗan ruwa a jikin wadda ake zargi don ta huce da wuri, ban da soket, shi ma yana nuni idan motar ta tashi nan take.

Idan wuta tana nan, famfon da ya tsufa ma yana rage gudu in ya ɗumama, galibi da kuka mai kaifi da ake ji daga kujerar baya. A mota mai kafireta kuwa, a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, fetur yana iya tafasa a cikin layi inda ya bi kusa da salansa, kuma famfon inji ba ya iya jan tururi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da layin yana tayar da ita. Maganin dindindin shi ne a nisantar da layin daga zafi, a mayar da faifan kariya da farantin da ke ƙarƙashin kafireta idan an taɓa cire su.

10. A gudu lafiya lau, amma da na tsaya a danja ko gosulo sai ta mutu. Famfo ne?

Da wuya. A silo inji yana shan mai kaɗan ƙwarai, famfon da ya iya ciyar da shi a gudun kilomita 100 ba zai gaza a nan ba. Matsalar iska ce. Silo yana tsakanin rpm 650 da 850, kuma iskarsa tana bi ta ƙaramar hanya da bawul ɗin silo ke sarrafawa. Baƙin dauɗa yana taruwa a bakin totur da cikin wannan bawul, sai ya kasa buɗewa da sauri idan ka saki totur ko AC ya kama. A cire, a wanke, a sa sabon gasket. Kada a taɓa sukurun da totur ke tsayawa a kansa don a ɗaga silo; yana ɓoye ciwon ne, ya kuma rikita sensar totur.

Idan wanki bai yi ba, a nemi inda iska ke satar shiga: ƙananan tiyo da suka bushe, gasket ɗin manifol, da babban tiyo mai lanƙwasa tsakanin filtar iska da totur, wanda ke tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani, ya buɗe idan inji ya girgiza. Idan taka birki ne ke kashe ta, bustar birki ko tiyonta. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, idan ya maƙale a buɗe shi ma yana kashe silo. A mota otomatik da ke jijjiga ta mutu daidai lokacin tsayawa bayan doguwar tafiya, kamar wanda ya manta bai taka kuloci ba, a duba giyabos.

11. Tana tafiya kilomita 20 ko 30 sai ƙarfi ya ƙare. In na jira kaɗan ta ci gaba. Ko kuma sai mai ya yi ƙasa take yi.

Da ta tsaya, buɗe murfin tanki. Idan ka ji ta zuƙi iska da ƙarfi, kuma ta tashi nan take, numfashin tankin ne ya toshe: mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. A duba murfin, musamman idan ba nata ba ne, da tiyon numfashi da gwangwanin gawayi.

Idan ba wannan ba ne, tsatsa da laka ne. Famfo yana aiki suna taruwa a jikin rariya har su rufe ta. An kashe mota su zube ƙasa, hanya ta buɗe. Ba abin da zai yi maganinsa sai sauke tanki a wanke, a shanya, a sa sabuwar rariya da filta. Wadda ke yi sai mai ya sauka ƙasa da kwata, a kwana ko hawa, ko dai kwanon da famfo ke zaune a ciki ya fashe, ko an ɗaura famfo bai kai gindin tanki ba, ko tanki ya lotsa. Yawo kullum da lita biyu ko uku ma yana rage wa famfo kwana, tunda fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

12. Daga shan mai matsalar ta fara. Yaya zan tabbatar gurɓatacce ne?

Tara mai daga layi a cikin farar kwalba, ka ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsu. Fetur mai hazo-hazo, ko mai maiƙo da warin kananzir, shi ma abin zargi ne. Man jarka na bakin titi ya fi wannan haɗari, amma gidan mai ma ruwa yana shiga tankinsa na ƙasa da damina, kuma a Fabrairun 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol wanda ya lalata motoci. Idan ruwan da yawa, a zuƙe tankin da famfon hannu, ban da baki, a canza filta. Idan ruwa yana dawowa bayan an wanke, ta robar murfin famfo ko ruɓaɓɓen wuyan tanki yake shiga.

13. Tawa mai kafireta ce. Me zan duba wanda masu nozul ba su da shi?

Inji a kashe, cire murfin filtar iska, leƙa maƙogwaron kafireta, ja totur da hannu. Ya kamata ka ga tsartuwar mai. Babu tsartuwa bayan ta mutu: kwanon ya bushe, sai a bi famfo, filta, ƙaramar rariyar bakin kafireta, da allurar fulot da ke maƙalewa. Idan kuwa mai yana malala, wari ya cika bonet, fulogi sun jiƙe, fulot ɗin ya huje ko datti ya hana allurar rufewa.

Mutuwa a silo kaɗai, jet ɗin silo ne ya toshe, ko solonoyid ɗin da ke gefen kafireta, wanda ya kamata ya yi ƙas idan an murɗa makulli. Wayarsa guda ɗaya tana yawan sakewa. Da iska ake busa jet, ba a zura masa waya, don ramin yana faɗaɗa. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka shinshina: idan yana warin fetur ko ya ƙaru, fatar famfon inji ta yage, a canza famfon da baƙin man tare. Masu kontak kuma a duba gibinsa, kimanin milimita 0.4, da kondensa, wadda ke gazawa da zafi har a rantse mai ne.

14. Yaushe ake canza filtar mai?

Wadda ke waje, a ƙarƙashin mota ko cikin bonet, duk kilomita 30,000 zuwa 40,000 ya dace da irin man da ƙurar da ake fama da su, kuma nan take idan ba ka san ranar da aka sa ta ba. Akwai kibiya a jikinta, ta kalli inji. Juye tsohuwar a farar kwalba ta bakin shiga. Abin da ya fito shi ne hoton cikin tankinka. Filtar roba ta kafireta ba ta zama a layin nozul, fashewa za ta yi.

15. Makaniki ya ce a wanke nozul. Zai magance mutuwar?

Nozul mai datti yana kawo rawar inji, fizga da shan mai, amma da wuya huɗu su toshe tare su kuma buɗe tare. Idan duk sun daina aiki lokaci guda, wutarsu ce ko umarnin biren-bos. Ɗora dogon sukundireba a jikin kowanne ka kara kunne ana ba da kik, za ka ji ƙas-ƙas. Yawancinsu suna nuna ohm 12 zuwa 16, kuma su kasance kusa da juna. Wadda ta fita daban ita ce mota mai nozul guda ɗaya, inda shi kaɗai ko soket ɗinsa ya isa ya kashe ta. In an wanke, a sa sababbin robobin bakinsu.

16. An sa kwamfuta ba ta nuna komai ba. Ko kuma ta nuna lamba, an canza abin, ba a dace ba.

Motocin Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙafa 16 na OBD-II. Tsofaffin Toyota ana haɗa TE1 da E1 a akwatin gwajin nan na amsa ta 5, a ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Sai dai yawancin motocin wancan zamani ba su da sensar fireshar mai, don haka famfo mai rauni ba shi da lambar kansa. Lambobin da suka shafi wannan matsala sun haɗa da P0335 ta kiranshaf, P0340 ta kamshaf, P0230 ta layin wutar famfo, P0505 ta silo, da P0171 mai nuna iska ta rinjayi mai. Lamba layi take nunawa, da sensa da waya da soket duka. A rubuta ta kafin a goge, kuma cire kan batir yana share ta.

Mai sikanin da ya san aikinsa zai duba adadin man da biren-bos ke ƙarawa don gyara cakuɗa. Idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin 100 a silo ya sauka a rpm 2,500, iska ce ke satar shiga, amsa ta 10. Idan daidai yake a silo ya hau a kan gudu, mai ne ke gazawa ko sensar iska ta yi datti. A lura, wasu motocin hannu an cire musu ƙwan fitilar inji kafin a sayar. Tabbatar taka tana kamawa tun kafin ranar buƙata.

17. Akwai abin da ke kama da matsalar mai alhali ba ita ba ce?

Akwai. Indomin salansa, wato matacin hayaƙi da ke cikinta, idan ya narke ya toshe yana sa mota ta tashi lafiya, ƙarfi ya riƙa raguwa har ta shaƙe. A kwance sensar oksijin ta gaba na ɗan gwaji, idan ta sami numfashi an gano. Makullin da cikinsa ya cinye yana yanke wuta a kan gargada, fitilun dashbod su ɗauke tare. Jijjiga shi a silo ka gani, ka kuma rage tarin makullan da ke rataye. Kan batir mai sako-sako da wayar at ta inji suna yin haka. Batir ya nuna 12.6V a kashe, 13.5V zuwa 14.5V inji yana aiki. Sensar zafin ruwa, wadda kan nuna ohm 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20 da kimanin 300 a digiri 80, idan ta yi ƙarya sai inji ya sha mai har ya shaƙe. Wadda ke tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu kowane lokaci, a gwada ɗayan makullin, na'urar hana sata ce ba ta gane wannan ba. Mai mutuwa da ruwan sama ko bayan wanki, murfin distiributa da wayoyin fulogi.

18. An tabbatar famfon ne. Me zan kula da shi wajen sauyawa?

A sayi wanda fireshar sa ta dace da motar, ba wanda ya shiga ramin kawai ba. Na motar bar 1 ba zai ciyar da ta bar 3 ba ko da kamanninsu ɗaya. Na Beljiyam na asali yakan fi sabo marar suna, amma a gwada shi da geji a kan mota, domin kukansa a kan batir ba ya nuna ƙarfi, kuma juya shi a bushe yana cinye shi. A cire kan batir kafin a buɗe tanki, a share ƙurar saman kafin a ɗaga murfin. Sabuwar rariya da filta dole ne. Guntun tiyon da ke cikin tanki ya zama irin wanda aka yi don zama a cikin fetur, mai lamba J30R10. Tiyo na waje yana kumbura ya tsage a ciki, firesha ta riƙa zubewa a tanki ba wanda ya gani. A tabbatar ba a juya wayoyin biyu ba, robar murfi ta zauna daidai, sannan a maimaita awon amsa ta 6 da ta 8 kafin a mayar da kujera.